Lissafin zafin da teku ke kaiwa arewa: me ya sa Salshiyas da Kelbin suke ba ni amsa daban-daban?

Auwal_Fiziks

Assalamu alaikum malamai. Ina ƙoƙarin lissafa yawan makamashin zafin da Tekun Atlantika ke ɗauka zuwa arewa a layin digiri 24.5, wanda ake kira A05, daga gaɓar Afirka zuwa Bahamas. Bayanan CTD, na'urar da ake nutsarwa daga jirgi ta auna ruwa, na sauko da su daga rumbun bayanai na CCHDO: matsi, zafi da yawan gishiri na kowace tasha. Na fitar da gudun ruwa tsakanin kowace tasha da mai bi mata daga bambancin nauyin ruwan, bisa ɗaukar cewa a can ƙasan teku ruwa ba ya motsi. Sannan na ninka gudu da zafi da faɗin kowane gida (yankin ruwan da ke tsakanin tasha biyu a wani zurfi) da kaurinsa, na ninka da 1025 (nauyin ruwan teku, kilo a kubik mita) da 3992 (makamashin da ke ɗumama kilo ɗaya na ruwan da digiri ɗaya), na tara. Ruwan mashigin Fulorida daban na ƙara shi, Sv 32 (Sv ma'aunin yawan ruwan da ke wucewa ne) a kan zafin digiri 19.4.

Da Salshiyas na samu petawat 1.0 (petawat ɗaya wat tiriliyan dubu ne). Da na mayar da shi Kelbin don gwaji, sai ya tashi zuwa 5.5. Ai makamashi ba ruwansa da ma'aunin da na zaɓa. Ina matsalar take? Kuma yaya ake kaiwa ga 1.2 ɗin da ake yawan ambata wa wannan layi?

Malam_Habu

Wa'alaikumus salam Auwal. Gwajin Kelbin ɗin nan ya yi maka amfani, domin amsarka tana cikin tazarar lambobin biyu. Sv ɗaya shi ne kubik mita miliyan ɗaya a sakan. Ninka shi da 1025, da 3992, da 273.15 (tazarar sifilin Kelbin da na Salshiyas), za ka samu petawat 1.12. Tazararka 4.5 ce. Raba ta da 1.12, ka samu 4. Wato a lissafinka ruwan da ke tafiya arewa ya fi wanda ke dawowa kudu da Sv 4, alhali arewacin Atlantika kusan a rufe yake, ba inda wannan ruwa zai je.

Muddin ruwan shiga da na fita ba su yi daidai ba, abin da ke hannunka ya dogara da inda ka ajiye sifilin ma'auninka, don haka ba shi da ma'ana tukuna. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ƙirga ciniki bai cire uwar kuɗi ba. Ɗauki mashigin Fulorida shi kaɗai: da Salshiyas petawat 2.5 yake bayarwa, da Kelbin 38. Duk wanda ya ce maka Gulf Stream, ruwan ɗumin da ke bi ta mashigin nan zuwa arewa, na ɗauke da petawat kaza, ka tambaye shi da wane ruwan dawowa ya gwada shi. Abin da ake nema shi ne bambancin zafin ruwan da ya tafi da na wanda ya dawo a madadinsa.

Riƙe wannan a ka: Sv ɗaya, da bambancin digiri ɗaya, wat tiriliyan 4.1 ne, wato petawat 0.0041. Da shi za ka duba kowace amsa ba tare da kwamfuta ba. A wannan layi kusan Sv 17 na tafiya arewa a mita 1000 na sama, a kan digiri 18 ko kusa, ya dawo kudu ta ƙasa a kan kusan digiri 3. 17 sau 15 sau 0.0041 ya ba ka 1.05. Kewayen ruwan sama, wanda ke hawa ta yamma ya sauko ta tsakiya da gabas, yana ƙara kusan 0.1 kawai, domin ruwan da ya hau da wanda ya sauko ba su da nisa a zafi. Shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na zafin nan juyin sama da ƙasa ne ke ɗaukarsa.

To daga ina Sv 4 suka fito? Bambancin nauyi yana gaya maka yadda gudu ke canzawa daga zurfi zuwa zurfi, bai gaya maka ainihin gudun a wuri ko ɗaya ba. Kai ka zaɓi sifili a ƙasa, kuma zato ne. Faɗin tekun a nan kusan kilomita 6000 ne, a ƙiyasta zurfinsa mita 4000. Gudun milimita ɗaya tak a sakan a kan wannan fili Sv 24 ne. Naka kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba: 0.17.

Gyaran shi ne ka tara dukan ruwan da ke ratsa layin, ka raba rarar da girman filin, ka debe wannan ɗan gudu daga kowane gida na tsakiyar teku. Kada ka taɓa Fulorida, an auna shi kai tsaye. Matsakaicin zafin layin daga sama har ƙasa bai wuce digiri 5 da wani abu ba, a ce 5.5. Don haka 4 sau 5.5 sau 0.0041, ka rage 0.09, ka sauka a 0.91. Sake gwada Kelbin a nan. In bai ba ka 0.91 ba, akwai wani gida da ka tsallake.

Abu na biyu, ban ga ruwan da iska ke turawa a lissafinka ba, kuma CTD ba ta ganinsa. Iskar wurin daga gabas take busowa, a arewacin duniya kuma ruwan sama yana karkata dama da inda iska ta nufa, wato arewa. Ana kiransa ruwan Ekman. Ana raba ƙarfin jan iskar da nauyin ruwa da lambar Coriolis, ma'aunin yadda juyawar duniya ke karkatar da ruwa, wadda a digiri 24.5 take 0.0000605 a sakan. Da jan iska na niyuton 0.04 a murabba'in mita, za ka samu murabba'in mita 0.645 a sakan, sau faɗin teku, kusan Sv 3.9. Ruwa kaɗan ne amma shi ya fi kowane ɗumi, yana cikin mita hamsin zuwa ɗari na sama, digiri 23 zuwa 24. Shi ma sai ka mayar da madadinsa kudu a kan 5.5 ɗin nan. 3.9 sau 18 sau 0.0041 ya zama 0.29. Tara da 0.91, ga 1.2 ɗinka. Hall da Bryden ma ta wannan rabon uku, Fulorida da Ekman da tsakiyar teku, suka samu 1.2 a 1982, da bayanan jirgin da ya ratsa layin a 1957.

Wasu ƙananan wurare da za ka duba. Ka juya gishiri da zafi da SA_from_SP da CT_from_t na manhajar lissafin ruwan teku ta GSW kafin komai, domin a mita 4000 matsi kaɗai yana ƙara wa ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku na digiri. Desiba, ma'aunin matsi, ba mita ba ce, sai ka bi ta z_from_p ka mayar da ita zurfi. Sai kusurwoyin ƙasa: in tasha ɗaya ta kai mita 2000, ta kusa da ita ta kai 3500, lissafinka yana tsayawa a 2000, ka zubar da duk ruwan da ke ƙarƙashi. A gangaren Bahamas nan ne ruwan sanyi mai gudu kudu yake, fiye da Sv 20, don haka dole ka cike kusurwar, ko da ta miƙa gudun zurfin ƙarshe zuwa ƙasa ne. Game da kusan Sv ɗaya da ke shigowa daga Fasifik ta mashigin Bering ya bi ta Atlantika zuwa kudu, in ka sa shi ko ka bar shi abin da zai canza 0.02 ne a Salshiyas, amma ka rubuta wanda ka yi.

Dr_Rakiya

Lissafin Malam Habu daidai yake, sai dai ina jin tsoron Auwal ya ga 1.2 ya ɗauka ya gama. Dacewa ce ta taimaka. Jirgi yana ɗaukar wata guda ko fiye kafin ya ratsa layin, tasha bayan tasha, kusan kilomita 55 tsakani a tsakiyar teku, a matse su kusa da gaɓa. Abin da ka samu hoton wannan watan ne, kuma shi kansa tekun bai tsaya cik ba ana ɗaukarsa.

A 2005 Bryden da abokan aikinsa sun gwada ratsawa biyar, ta 1957, 1981, 1992, 1998 da 2004, suka ce juyin sama da ƙasa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Amma a shekarar farko ta ma'aunin RAPID, jerin na'urorin da ke auna juyin kullum, wanda aka kafa a digiri 26.5 a 2004, juyin ya yi ta hawa da sauka tsakanin Sv 4 da kusan 35, matsakaicinsa 18.7. Na shekara kaɗai, daga mafi ƙanƙanta a wajen Maris da Afrilu zuwa mafi girma a wajen Oktoba, tazarar ta kai Sv 6.7. Ratsawar farko an yi su a lokacin hawa, na baya a lokacin sauka, don haka babban ɓangaren raguwar lokacin shekara ne. Kowane Sv kuwa yana tafiya da petawat 0.07 zuwa 0.08. Amsar ratsawa ɗaya a rubuta ta da ƙari ko ragin 0.3, ba ƙasa da haka ba.

Yadda RAPID ke aiki ya cancanci a sani, don rabon ukun nan ne aka mayar na kullum. Fulorida an riƙa auna shi da tsohuwar wayar tarho ta ƙarƙashin teku tsakanin Fulorida da tsibirin Grand Bahama, daga 1982. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, in ya gudana cikin maganaɗisun duniya sai ya haifar da ɗan bambancin bolt tsakanin gaɓa da gaɓa, a auna shi a juya zuwa Sv. Wayar ba ta san zafin ruwa ba, wannan sai jiragen da ke ratsa mashigin a digiri 27, waɗanda kuma da su ake daidaita ta. Kuma maganaɗisun duniya yana canzawa a hankali. A 2024 Volkov da abokansa sun nuna cewa da aka gyara wannan a bayanan bayan 2000, raguwar da ake gani a ruwan Fulorida kusan duk ta ɓace. In ka sauko da tsohon fayil, ka duba ko gyararre ne.

Tsakiyar teku kuwa ba a cika ta da na'urori ba. Jimillar ruwan da ke ratsa kowane zurfi ta dogara ne da nauyin ruwa a gefen biyu kaɗai, don haka aka kafa turaka, igiyoyi masu tsawon kilomitoci da anga a ƙasa da ƙwallayen iyo a sama, a gabashin tsibirin Abaco, da gefen Maroko da tsibiran Kanari, da gefe biyu na tsaunin da ya raba tsakiyar Atlantika. A jikin igiyar ake jera MicroCAT masu auna zafi, gishiri da matsi. A lungun Abaco, inda gangare ya yi tsanani, na'urorin auna gudu ake sawa kai tsaye.

Wahalar tana wurin gishiri. Kuskuren 0.003 a gefe ɗaya, in ya bi igiyar daga sama har ƙasa, yana canza nauyin ruwa da kilo 0.0023 a kubik mita. Yi lissafin a kan mita 4800, ka daidaita ruwan shiga da fita, za ka ga juyin ya motsa da Sv 0.7. Shi ya sa ake ɗaure kowace MicroCAT a jikin firam ɗin CTD na jirgi a nutsar da su tare, kafin a kafa ta da kuma bayan an ciro ta, a tsaya 'yan mintoci a zurfi daban-daban har karatun ya zauna. Ita CTD ɗin kuma ana gwada ta da ruwan kwalabe. Bayan wata 18 a ruwa, na'urorin sama sukan yi gansakuka, ruwa mai ƙarfi yakan kwantar da igiya na'ura ta sauka ɗaruruwan mitoci, don haka da matsin da ta auna ake aiki, ba da zurfin da aka rubuta ranar kafawa ba. Kan igiyar ma ba ya kaiwa saman ruwa saboda jiragen ruwa da masunta, sai a ƙiyasta mitocin ƙarshe, inda ruwan ya fi ɗumi kuma kuskure ya fi tsada.

Turakan gefe ba su isa su ba da zafin tsakiya ba. Wannan daga na'urorin Argo ake cikowa, kusan 4000 a duniya, kowace tana yawo a mita 1000, ta nutse zuwa 2000 ta taso duk kwana goma.

Auwal_Fiziks

Allah ya ƙara basira Malam, na gode Dakta. Bayan gyaran, Salshiyas da Kelbin sun zo ɗaya. Saura biyu. In ina son in gwada da samfurin kwamfuta, zan iya ninka vo (gudun arewa) da thetao (zafi) na wata-wata kawai? Sannan wannan hanya za ta yi aiki a kusa da mu, a ce daga Tekun Gini zuwa Burazil?

Injiniya_Bukar

Zan ɗauki ta samfuri. Za ka iya ninkawa, amma ba za ka samu abin da samfurin ya ɗauka a zahiri ba. Matsakaicin gudu sau matsakaicin zafi daban yake da matsakaicin ninkinsu. Guguwoyin ruwa masu faɗin kilomita hamsin zuwa ɗari biyu suna kai ɗumi gefe ɗaya su dawo da sanyi cikin makonni, a matsakaicin wata gudunsu ya share kansa, amma zafin ya riga ya wuce. A digiri 26.5 wannan ƙarami ne. A bakin Gulf Stream da Kuroshio, takwararsa ta gefen Japan, babba ne, a Tekun Kudu kuwa, daidai mashigin Drake inda babu gaɓar da ruwa zai jingina, kusan su ne ke tsallakar da zafi zuwa Antaktika. Samfuran da gidajensu suka kai digiri ɗaya ba sa ganin guguwoyin, da dabarar Gent da McWilliams ta 1990 suke maye gurbinsu, kuma wannan gudun ba lallai ya kasance cikin vo ba. Nemi hfbasin, wato zafin da ke tafiya arewa a kowane teku, a bayanan CMIP, rumbun sakamakon samfuran yanayi, an tara shi ne yayin da samfurin ke gudana. htovovrt da htovgyre su ne rabonsa gida biyu, na juyin sama da ƙasa da na kewaye.

In dole ka yi da kanka, kada ka taɓa mayar da gudu kan wani tsarin gidaje kafin ka tara, nan take daidaiton ruwa zai lalace ka koma matsalarka ta farko. A samfurin teku na NEMO zafi yana tsakiyar gida, gudun arewa yana bangon arewa, sai ka ɗauki matsakaicin zafin gida biyu da ke raba bangon, ka ninka da e1v da e3v na ainihi, wato faɗin bangon da kaurinsa, domin gidan ƙasa yankakke ne. Layukan gidaje kuma a arewa sun karkace daga layin digiri, sai ka bi zigzag ka haɗa da gudun gabas.

Akwai hanyar da ba ta taɓa ruwa sam. Taurarin ɗan'adam masu na'urar CERES, tun 2000, suna auna hasken rana da ya shigo da zafin da ya fita a saman sararin samaniya. Tara rarar daga ƙuryar kudu zuwa kowane layi, ka samu abin da iska da teku suka ɗauka tare, wanda ke kaiwa petawat 5 zuwa 6 a wajen digiri 35. Debe na iska, wanda za ka samo a bayanan yanayi na ERA5, saura na teku ne, kusan petawat 2 a wajen digiri 15 zuwa 20 na arewa. Amfaninta tana ba ka kowane layi a duniya. Aibinta debe babba daga babba ne, kuma kuskure yana taruwa da faɗin wuri: wat 5 a murabba'in mita, a kan murabba'in kilomita miliyan 100, rabin petawat ne. Tsofaffin taswirorin musayar zafi da aka gina daga rahoton jiragen ruwa sun bar rarar kusan wat 30 a duk tekunan duniya, wadda in ka tara ta wuce petawat 10. Kuma sai ka cire zafin da tekun ke ajiyewa a cikinsa, musamman in lissafin wata-wata kake yi. Ni dai da ma'aunin turaka nake gwada wannan hanya, ba akasin haka ba.

Malam_Habu

Ta Tekun Gini, Auwal, a'a, ba yadda take ba. Lambar Coriolis tana ƙarƙashin rabo a duk lissafin nan, kuma tana raguwa zuwa sifili a Ikwaita. A digiri 5 ta zama 0.0000127, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ta layinka, don haka kowane kuskuren gishiri ya ninka sau biyar, ruwan Ekman ma ya kumbura ya riƙa juyawa da damina da rani. Cikin digiri biyu zuwa uku daga Ikwaita hanyar ta rushe gaba ɗaya, sai auna gudu kai tsaye da ADCP, na'urar da ke auna gudun ruwa da sauti. In kana son layi mai kusa, ɗauki A06 a digiri 7.5 na arewa ko A08 a digiri 11 na kudu, ka samo ma'aunin kai tsaye na ruwan da ke bin gaɓar Burazil zuwa arewa, don shi ne Fulorida na can.

Kada alamar amsar ta ruɗe ka. A kudancin Atlantika zafi arewa yake tafiya, zuwa Ikwaita, kusan rabin petawat a digiri 34.5 na kudu inda ma'aunin SAMBA yake. Yana tsallake Ikwaita, ya ƙaru zuwa 1.2 a layinka, ya ragu zuwa kusan 0.5 a layin OSNAP da aka kafa a 2014 daga Labrador ta Girinlan zuwa Sikotilan. Abin da ya ɓace tsakanin layin biyu iska ce ta karɓe shi. Wannan tsallakawar tana cikin dalilan da suka sa igiyar damina ta duniya, wato layin hadari da ruwan sama da ya zagaye duniya kusa da Ikwaita, a matsakaici, take zaune arewa da Ikwaita. A samfura, in aka raunana juyin Atlantika sosai, igiyar tana ja kudu, ruwan Sahel ya ragu, lakar ƙasan teku a gaɓar Senegal ma ta nuna fari mai tsanani a lokutan da juyin ya yi rauni a zamanin ƙanƙara. Farin shekarun 1970 da 1980 an danganta shi da sanyin arewacin Atlantika in an gwada da kudanci, amma masana ba su daidaita ba kan rabon juyin teku da rabon hayaƙin masana'antu a wannan sanyi, don haka kada ka wuce abin da lambobinka suka nuna.

In ka koma wasu tekuna, Fasifik a digiri 24 na arewa hanyar ɗaya ce, an samu 0.76 a 1991. Amma a kudu da Indunusiya kada ka tilasta sifili. Kusan Sv 15 na wucewa daga Fasifik zuwa Tekun Indiya ta tsakanin tsibiran, don haka kowanne shi kaɗai a buɗe yake. Haɗa layin Indiya da na Fasifik a digiri 32 na kudu ka lissafa su tare, sannan ka sake gwajin Kelbin a kan jimillar.